Sunan da Na Kasa Faɗa a Gaban Hedimasta

Tudun Wada,
ranar Asabar da hantsi.

Zuwa ga 'yata,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki, ina kuma roƙon Allah Ya sa kin sauka Kano lafiya, Ya kiyaye ki daga sharrin hanya da na gari. Ki gaishe mini da gwaggonki Asabe da maigidanta, ki ce na gode da ɗawainiyar da za su yi da ke. Na roƙi innarki ta sa wannan takarda a jakarki, tare da wata farar ambulan da na liƙe bakinta. Ki karanta wannan tukuna kafin ki buɗe waccan.

Kin san ni da ke ba mu saba zama mu yi doguwar magana ba. Ke ce ta fari, kuma haka muka tarar ana yi. In ina da saƙo gare ki, sai in faɗa wa innarki da ƙarfi yadda za ki jiyo daga ɗaki, ke ma ki ba ta amsa yadda zan jiyo daga zaure. Wannan tsari ya yi mana aiki shekara ashirin da ɗaya, ban kuma raina shi ba. Amma abin da ke bakina yau ya fi ƙarfin a aika shi ta tsakar gida, shi ya sa na ɗauki biro.

Ranar Talata za ki zauna gaban masu ɗaukar ɗalibai na makarantar koyon harkokin kasuwanci. Wasiƙar da suka aiko miki na karanta ta sau uku. Ba su da ja a kan sakamakon jarrabawarki. Abin da ya tsaya musu yana layin ƙarshe: takardunki suna ɗauke da suna iri biyu. Ta firamare da ta shaidar asali sun ce Uwani Sule Badafi, ta sakandare kuma tana ɗauke da sunanki na yanka da cikakken sunana. Sun ce sai kin gamsar da su cewa mutum ɗaya ce, in ba haka ba, su bai wa wani gurbin. Tun ranar da wasiƙar ta zo na lura kwanonki yana komawa madafi da saura. Ki kwantar da hankalinki. Laifin nawa ne, zan kuma faɗa miki yadda aka yi. Sai dai zan faro daga nesa, domin sau uku na tsaya gaban mai rubuta suna a takarda na yi abin da bai kamata ba, kuma kowanne yana da abin da zai amfane ki ranar Talata.

Ina da shekara goma sha tara na bar Badafi na tafi birni neman aiki a wata maɗaba'a. A lokacin ina karanta boko da ajami ba tangarɗa, Turancina kuma ya isa in karanta jarida in fassara wa dattawa a gindin rimi. Yawancin wasiƙun da suke fita daga unguwarmu ni nake rubuta su. Aka kai ni gaban shugaban ɗakin jera haruffa, wani dattijo mai suna Malam Garba, wanda ya ɗaure ƙafar tabaransa da zare. Bai ɗago ba ya ce, "Samari, me ka iya?"

Na durƙusa na ce, "Ranka ya daɗe, ban iya komai ba, sai abin da kuka koya mini."

A Badafi wannan ita ce amsa daidai. Kai ka ce ba ka iya ba, sai wani babba da ke gefe ya ce, "A'a, kada ku ji tasa," ya shiga lissafa abin da ka iya, kai kuwa kana kallon ƙasa. Abin da ban lura ba shi ne, a wannan ɗaki babu kowa a gefena. Malam Garba ya ce, "To madalla, muna da aikin wanda bai iya komai ba." Ya miƙo mini gwangwanin kananzir da buroshi. Aikina ya zama wanke tawada daga haruffan dalma bayan an gama bugu, in shanya su, in kai wa masu mayar da su gurabensu.

Fiye da shekara na yi ina wannan. Wata rana aka ajiye takardar gwaji a kan teburin da ke kusa da ni, shafin wani littafin karatu na yara. Idona ya faɗa kan wani layi. Marubucin yana nufin an yi wa baƙi shimfiɗa, mai jera haruffa ya sa k mara lanƙwasa, sai ya zama an yi wa baki shimfiɗa. Dariya ta kuɓuce mini.

Malam Garba ya ce, "Kai mai kananzir, me aka yi?"

Na nuna masa. Ya kai takardar kusa da hancinsa, ya duba, ya dube ni. "Kai ka iya karatu?"

"Na ɗan taɓa, ranka ya daɗe."

"Ka ɗan taɓa! Sake cewa ka ɗan taɓa, in ɗan taɓa ka da rular nan. Karanta mini shafin duka."

Na karanta, na tsamo masa kuskure huɗu. Ya cire tabarau ya ce, "Shekara guda ina kashe idona a kan takardun nan, kai kana can kana wanka da kananzir. Don me ka ce mini ba ka iya komai ba?"

Na ce, "Ladabi ne."

Ya ce, "Ladabin ka kai wa kakanka. Ni tambaya na yi maka don in san inda zan sa ka."

Washegari aka ba ni jan biro na gyaran rubutu, da shi kuma na ci abinci har na bar aiki.

Na ba ki wannan labari ne domin na san amsar da ke bakinki. Za su tambaye ki me kika sani game da kasuwanci, ke kuma za ki sunkuyar da kai ki ce ba komai, kina dai taya innarki aikin mai. Mutanen nan ba su san ki ba, babu kuma wanda zai zauna a gefenki ya ce kada su ji taki. Abin da kika faɗa shi za su rubuta.

To ki faɗa musu zancen kwalabe. Matan Riruwai suna zuwa kasuwar nan sayen man gyaɗa a kwano, su ɗaure bakinsa da tsumma, kafin mota ta gama hawa da gangarar hanyar Doguwa ya zube musu a zane. Kowa a kasuwa yana jin ƙorafinsu, ke ce kika saurara. Kika bi gidaje kika tara kwalabe, kika toshe bakinsu da totuwar masara. Ki faɗa musu har da inda abin ya ɓaci: kwalaben farko na maganin tari ne, warinsa ya kama man, aka dawo muku da shi, innarki ta yi kwana biyu tana amsa miki gaisuwa da ka. Sannan ki faɗi yadda kika koma wanke su da toka da ruwan zafi, da yadda yanzu matan suke wuce rumfuna huɗu su zo taku. A jere za ki kawo shi, yadda ake rubuta labari a jarida: me kika gani, me kika yi, me ya biyo baya. Kada ki ƙara masa gishiri, kada kuma ki rage. Wanda ya faɗi abin da ya faru bai yi fariya ba.

Idan kin shiga ki yi sallama, ki rusuna ki gaishe su kamar yadda aka koya miki. In sun nuna miki kujera ki zauna a kanta, kada ki nemi ƙasa. Ban ce ki zuba musu ido ba, amma ki dubi wanda ya yi miki tambaya lokacin da kike ba shi amsa. Muryar da kike kiran ƙannenki da ita daga bakin rijiya, ki ɗebi rabinta ki shiga da shi. Idan ba ki fahimci tambaya ba ki ce a maimaita. Idan ba ki san amsa ba, a nan ne "ban sani ba" yake da wuri, kuma za su fi yarda da shi in sun ga ba da shi kika buɗe kowace amsa ba.

Kuskurena na biyu akasin na farko ne. Bayan na yi shekara goma sha biyu ina gyaran rubutu, kaina ya fara girma. Maɗaba'armu ta ce za ta tura mutum ɗaya kwas na gudanar da kasuwanci a wata makaranta irin wadda za ki, in makarantar ta karɓe shi. Na cika fom na tafi, da babbar riga, da jan biro a aljihu. A jikin tagar ofishin karɓar takardu an manna sanarwa da aka buga da tafireta. Ina cikin layi ina karantawa, sai na ga kalmar kasuwanci ta Turanci, wadda ita ce ma sunan makarantar, an bar mata harafi ɗaya a baya. Hannuna bai yi shawara da ni ba. Na fito daga layi, na zaro biro, na sa alamar gyara a tsakiyar kalmar, na rubuta harafin a gefen takarda kamar yadda muke yi a wurin aiki. Mutanen layi suka bushe da dariya, ni kuwa na ji daɗi.

Akawun da ke bayan tagar shi ya buga sanarwar. Wani siriri ne mai sanyin murya. Ya ce, "Malam, ka gama? Akwai wata a bayan ƙofa, ko za ka duba mana ita ma?"

'Yata, na je na duba. Sai da na leƙa bayan ƙofar na ga babu komai sai tsintsiya, sannan na gane abin da ya faɗa mini.

Da layi ya zo kaina na miƙa fom. Ya duba shi sama da ƙasa, sai ya matso da kansa kusa da taga, ya rage murya yadda na bayana ba zai ji ba. Ya ce, "Ba ka sa hannu a shafi na uku ba. Kuma hoto biyu muka ce, ɗaya ka kawo. Akwai mai hoto a bakin tasha, nan take yake wankewa. Je ka, zan riƙe maka fom ɗin a nan, ba zan sa shi a ƙasa ba."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Ni na gyara shi a gaban jama'a a kan harafi ɗaya, shi ya gyara ni a asirce a kan abin da ya isa a jefar da takardata.

A ɗakin ganawa ma ban tsira ba. Mutum uku ne a bayan tebur. Suka tambaye ni don me nake son kwas ɗin. Na riga na haddace sakin layi guda daga wani littafin Turanci a kan amfanin ilimin kasuwanci, na zubo musu shi ba tuntuɓe. Wata mata a cikinsu ta bari na kai aya, ta ce, "Wannan mun san shi, mu muke koyar da shi. Kai me ka ce?" Na buɗe baki, babu komai a ciki. Alhali ina da amsa ta gaskiya: na gaji da ganin littattafan da muka wahala muka buga suna jibge a sito, gara tana ci, don ba wanda ya san yadda zai kai su hannun malaman ƙauye. Na raina wannan amsa saboda tawa ce kuma ba ta da manyan kalmomi. Ba su ɗauke ni ba. Ba na zargin akawun. Fom ɗina ya isa inda ya kamata a kan lokaci, ni ne ban isa ba.

Ba na faɗin wannan da ɗacin rai. Na koma kan teburina na yi aikin da na iya, kuma na so shi. Da aka rage ma'aikata na dawo nan Tudun Wada na kama noma, ga shi masara tana yi, littattafaina suna nan a kan kanta, kuna kuma gabana lafiya. Na gode wa Allah. Ina faɗa ne domin kin gaji halina. Na sha jiyo ki kina gyara wa mai karanta labarai a rediyo Hausarsa, kamar yana jin ki. A gida abin dariya ne. A can ki bar biro a jaka sai an ce ki rubuta.

Kuma ki sani ganawar tana farawa tun daga bakin ƙofa. Maigadi, masinja, akawu, mai tafireta, kowa ki gaishe shi gaisuwa cikakkiya, ki tambaye shi aiki da gajiya. Ba don ko wani daga cikinsu zai sa miki baki ba. Mutane ne da suka wuni suna amsa tambaya ɗaya ga mutum ɗari, kuma yawancin masu zuwa ba sa ganinsu, taga kawai suke gani. Idan akawu ya ce ki jira, ki jira. Idan ya nuna miki kuskure, ki gode masa ki gyara. Duk takardar da aka ba ki ki cika, ki karanta ta sau biyu kafin biro ya taɓa ta, ki kuma duba bayanta.

Kawunki ya ce zai samo miki 'yar takarda daga wani babban mutum ki miƙa musu. Na hana shi, na kuma faɗa masa dalili. Wanda ya shiga da irin wannan takarda ya gaya wa masu tebur cewa bai yarda da kansa ba, bai kuma yarda da adalcinsu ba. Ko da ta yi aiki, za su riƙa tuna ki da ita. Idan sun tambaye ki don me kike son karatun, kada ki nemo amsa a littafi. Na taɓa jiyo ki kina ce wa innarki kina so ki san dalilin da ya sa sana'ar mace take mutuwa ranar da ta kwanta ciwo, da yadda za a yi ta ci gaba ko mai ita ba ta tashi ba. Wannan amsa ce. Ki faɗe ta da kalmominki, da Turancin da kike da shi, ba sai kin aro na wani ba.

Yanzu na zo kan naki.

Ranar sunanki na sa miki sunan mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta. Daga ranar gidan duka ya koma kiranki Uwani, don ba mai iya kama sunan a gabanta. Ni kuwa abin ya haɗu mini biyu: ga ki 'yar fari, ga sunan uwata. Ko Uwanin ma ban cika faɗa ba.

Da kika kai shekara shida kina Badafi a wurin mahaifiyata, na zo hutu, ya yi daidai da ranar ɗaukar yara a firamare. Na kama hanya da ke, kakarki ta yafa mayafi ta ce ƙafarta ƙafarki. Hedimasta, Malam Ɗanjuma, ya kafa tebur a gindin maɗaci. Kowane yaro sai ya ɗora hannu ta saman kai ya taɓo kunnensa kafin a rubuta shi. Kika taɓo naki da ƙyar, kin karkace wuya, ya yi kamar bai gani ba.

Ya ce, "Sunanta?"

Kakarki tana tsaye a bayana, ina jin numfashinta. Na ce, "Uwani."

"Na yanka nake tambaya, Malam."

Na ce, "Sa Uwani dai."

Ya dube ni, ya dubi tsohuwa, ya gane. Ya ce, "Uba fa?" Wani daga cikin masu kallo ya riga ni, ya ce Sule, yadda ake kirana a gari. Ya rubuta, ya ƙara Badafi a ƙarshe kamar yadda ake yi wa yara a lokacin.

A hanyar komawa kakarki tana ta fara'a. Ta ce da ni, "Ashe birni bai cinye maka kunya ba." Na ji daɗin wannan magana, har yau ina jin daɗinta. Ban yi nadamar yin shiru a gabanta ba. Kuskuren yana cikin abin da ya biyo baya. Na ce a raina gobe zan rubuta sunan a 'yar takarda in aika wa hedimasta ya gyara rajista. Layi ɗaya ne. Hutu ya ƙare na koma birni ban rubuta ba. Na sake zuwa hutu, na sake komawa. Shekara goma sha biyar ke nan, a cikinsu na gyara wa mutanen da ban sani ba kurakuran da ba sa ƙirguwa. Da za ki shiga sakandare malamarku ta tambaye ki sunan yanka, kika faɗa mata, ta rubuta shi tare da Sulaiman. Takardar asali kuwa daga ta firamare aka kwafe ta. Haka kika zama mutum biyu a kan takarda.

Ranar Litinin da ta wuce, da na ce wa innarki zan je duba iri, Kiru na tafi, inda Malam Ɗanjuma yake zaune tun da ya yi ritaya. Ya tsufa ƙwarai, amma ina gama gabatar da kaina ya nuna ni da sanda ya ce, "Kai ne Sa-Uwani-Dai!" Ya yi dariya har da tari. Ya sa aka kawo masa takarda, ya rubuta shaida da hannunsa cewa shi ya ɗauke ki, ya kuma san yadda aka yi.

Ranar Laraba na je kotu yin takardar rantsuwa. Magatakardan Bazazzage ne, Malam Lawal, mun saba tsokanar juna a ƙofar masallaci. Yana ganina ya ce, "Bakano, me aka kawo mana na sayarwa?"

Na bayyana masa. Ya sa takarda a tafireta ya ce, "Sunan yarinya na gaskiya?"

Na tura masa takardarki ta sakandare, na ɗora yatsa a kan layin.

Ya turo mini ita. "Ni ma na iya karatu. Rantsuwa da baki ake yinta, ba da yatsa ba."

"Malam Lawal, 'yar fari ce. Kuma sunan tsohuwa ne."

"Na sani. Kotu ba ta da 'yar fari. Ku Kanawa komai sai kun yi rowarsa, har suna?"

Akwai mutum biyar ko shida a kan benci suna jiran nasu, duk suna kallona. Na tuna ranar Talata, na tuna ke za ki zauna ke kaɗai ki amsa abin da ni na shuka. Na ce, "Hajara."

"Ban ji ba, tafiretar nan ta kashe mini kunne."

"Hajara."

"Hajara wa?"

"Hajara Sulaiman. 'Yata ce. Ita ce Uwani."

Ya buga, na sa hannu, ya danna hatimi. Da zai miƙo mini ya bar wasa, ya ce a hankali, "Allah Ya jiƙan mai sunan ta farko, Ya yi wa ta biyu albarka."

Na fito na tsaya a inuwa na ɗan jima. Rabon da sunan nan ya fito daga bakina tun ranar da na raɗa wa liman shi a kunne. Na zaci zai yi mini nauyi. Sai na ji kamar na gaishe da mutum biyu lokaci ɗaya.

Takardun biyu su ne a cikin farar ambulan. Na duba su harafi-harafi, babu kuskure. Ki ɗora su a saman sauran, kuma kada ki jira sai sun tono zancen. Da zarar an gama gaisuwa an ba ki damar magana, ki ce kin zo da amsar abin da suka tambaya a wasiƙarsu. Jimla uku sun isa: ki faɗi cikakken sunanki, ki ce Uwani laƙabi ne don sunan kakarki aka sa miki, ki ce mahaifinki ne ya ba da laƙabin a firamare, ga rantsuwarsa, ga shaidar hedimasta. Wataƙila a cikinsu akwai wanda ba Bahaushe ba, bai san wannan al'ada ba. Ki bayyana masa a natse. Ba abin ɓoyewa ba ce, ba kuma abin da za ki yi wa dariya don ki burge su ba.

Abu ɗaya nake tsoro, shi ne kunyata ta kama ki, ki ce kuskuren makaranta ne don ki rufa mini asiri. Kada ki yi. Malam Ɗanjuma ya tambaya sau biyu, abin da aka faɗa masa ya rubuta. Ki ce mahaifina ne. Na ba ki izini, kuma ba rashin ladabi ba ne. Mutanen da suke koyar da kasuwanci suna neman wanda za a damƙa wa amana, kuma za su fi gane hakan daga yadda kika faɗi wannan ƙaramar gaskiya fiye da duk abin da ke cikin sakamakonki.

Ban san abin da za su yanke ba, ba zan kuma yi miki alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. In sun ɗauke ki, alhamdu lillahi. In ba su ɗauke ki ba, takardunki dai sun gyaru, baɗi ma ana ɗauka, kuma gida yana nan. In kuwa sun ce takarda ba ta ishe su ba, suna son ji daga bakin wanda ya yi kuskuren, ki ba direban motar Tudun Wada saƙo a tasha. Zan zo ranar Laraba in tsaya a gabansu in faɗa. Na riga na faɗa sau uku, na huɗu ba zai gagare ni ba.

Ki ci abinci kafin ki fita. Ki tafi da wuri, ki yi addu'a a bakin ƙofa. Innarki tana gaishe ki, ƙannenki ma haka.

Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya buɗe miki ƙirji, Ya warware miki harshe, Ya haɗa ki da masu adalci. Allah Ya dawo mana da ke lafiya, Hajara.

Wassalam.

Mahaifinki,
Sulaiman.